Lasisin Ƙarya da Albasar Wurno

Ni haifaffen Goronyo ne. Ubana masunci ne, yana da ɗan jirginsa a bakin madatsar ruwa, in rani ya yi kuma ya shuka albasa a wata 'yar gona da ya gada kusa da gulbi. Ban tashi cikin yunwa ba, ban kuma tashi cikin 'yan iska ba. Na faɗi wannan tun farko don kada wani ya karanta labarina ya ce talauci ne ya jefa ni, ko miyagun abokai. Ni na jefa kaina, idona biyu. Sunana kuwa ba zan rubuta ba, ba don ina ɓuya ba. Daga Goronyo har Wurno babu wanda bai san wanda ake kira ɓarawon kwamfuta ba, wanda kuma bai sani ba, sunan ba zai ƙara masa komi ba.

Ni yaro ne mai shiru da son karatu. Ko kifi ɗaya ban taɓa ɗauka daga kwandon Baba ba tare da na tambaya ba. Da na gama sakandare aka tura ni Sakkwato na karanta kwamfuta, can na koyi gina shafin intanet, abin ya kama hannuna ƙwarai. Abokan karatuna kowa yana maganar Abuja da Legas, ni na ce gida zan koma. Na dawo da laftof ɗina na kama ɗan shago kusa da tasha. Da farko buga takardu nake yi da yi wa ɗalibai rajistar jarrabawa. Sannu a hankali mutane sunka ji cewa ina iya yi wa makaranta ko kanti shafi nasa na kansa, inda za a gan shi daga ko'ina. Wata makarantar kuɗi a Rabah ita ce ta fara ba ni aiki, sai wani mai sayar da magani, sai mai injin casar shinkafa.

Sai na bayyana muku yadda sana'ar take, in ba haka ba ba za ku gane inda na karkace ba. Yanzu ba a gina shafi daga tushe. Akwai babbar manhaja ta kyauta da ake kafawa, sannan a jona mata ƙananan kaya: wannan ya ba shafi kamanni, wannan ya karɓi oda, wannan ya nuna wa mai saye inda zai biya. Fulogin muke ce musu. Wasu kyauta ne, wasu na kuɗi. Na kuɗin, in ka biya, kamfanin da ya ƙera zai ba ka wata doguwar lamba ta lasisi, mu mabuɗi muke ce mata. In ka sa ta a shafi, shafin zai gaisa da kamfanin, kamfanin ya san da zamansa. Daga nan duk sanda anka gano wata ɓaraka a manhajar anka toshe ta, gyaran zai iso maka, in kuma abu ya lalace kana da wanda za ka tambaya. Akwai mabuɗin shafi ɗaya, akwai na 'yan shafuka, akwai wanda ba shi da iyaka, kowane da farashinsa. Yawanci shekara guda yake yi. In ta cika ba ka sabunta ba, kayan ba ya mutuwa, amma gyara ya daina zuwa.

Aikina na farko na yi shi tsaf. Mai makarantar Rabah ya ba ni kuɗin lasisi daban, na saya, na sa. Da aiki na biyu ya zo, sai na ce a raina, ai ga mabuɗi a hannuna, mi zai hana in sa shi nan ma? Na karɓi kuɗin lasisi daga mai maganin, na gwada tsohon mabuɗin, manhajar ta ƙi. Ta ce an riga an yi amfani da shi a wani shafi. A nan ya kamata in ji kunya in je in sayi sabo. Ban ji kunya ba, haushi na ji, kamar an hana ni hakkina.

Na ba wani abokin karatuna labari, Bala, mutumin Rabah, wanda shi ma yake wannan sana'a. Ya yi mini dariya ya ce har yanzu ni ɗan makaranta ne. Ya nuna mini wasu wurare a intanet inda ake samun duk fulogin na kuɗi a fashe, wato an cire wurin da yake tambayar mabuɗi. Ka sauke, ka sa, ya yi aiki kamar na gaske. Na tambaye shi ko wannan ba sata ba ce. Ya ce in je in karanta sharuɗɗan da kaina, yawancin kayan nan a ƙarƙashin buɗaɗɗen lasisi suke, an yarda kowa ya kwafa ya ba wani. Na je na karanta, kuma gaskiya ya faɗa a kan da yawa daga cikinsu. Wannan rabin gaskiyar ita ce na riƙe shekara da shekaru ina kare kaina da ita. Abin da ban tsaya na tambaya ba shi ne, wane ne wannan mai kirkin da yake ɓata lokacinsa yana fasa manhaja yana raba wa duniya kyauta, kuma mi yake samu?

Daga nan hanya ta buɗe. Duk wanda na yi wa shafi sai in lissafa masa kuɗin lasisi, in sa a aljihu, in jona masa fasasshen kaya. In shekara ta zagayo in kira shi in ce lokacin sabuntawa ya yi, ya sake biya. Mai shakka kuma sai in ƙirƙiro wata doguwar lamba da haruffa in nuna masa in ce ga mabuɗinsa. Ba wanda ya taɓa dubawa. Na sayi babur, na sauya waya, na fara saka shadda ranar da ba Juma'a ba. Ban taɓa jin ni ɓarawo ba ne. Ɓarawo a wurina shi ne mai haura katanga. Ni kuwa ina zaune cikin shago, fanka tana kaɗawa, ana ce mini Injiniya.

Ana haka sai ƙungiyar manoman albasa ta Wurno ta neme ni. Shugabansu Alhaji Garba ne, dattijo ne siriri mai furfura, wanda manoma sunka zaɓa saboda ba a taɓa jin ya ci ko albasa ɗaya ta wani ba. Ya san Baba tun suna samari. Matsalarsu ita ce dillalai: mai saye yana Kudu, manomi yana Wurno, wanda ke tsakiya shi ke cin riba. Samarin ƙungiyar sunka ba da shawara a yi shafi inda manyan masu saye za su ga kaya da farashi, su yi oda, su tura kuɗin kafin alƙalami kai tsaye cikin asusun ƙungiya. Dattawa da yawa ba su so ba. Alhaji Garba ne ya tsaya a kan a gwada, ya ce ga ɗan abokinsa ya iya aikin, na gida ne.

Ranar da munka zauna a zauren gidansa na yi masa bayanin kuɗin aiki da kuɗin lasisi, sai ya tsayar da ni.

Ya ce, "Ɗana, ni ban san wanga abu ba. Amma kac ce akwai na kyauta, akwai na saye. Wane ya hi tsaro?"

Na ce, "Na saye, Baba Alhaji, tunda kuɗin mutane za su bi ta ciki."

Ya ce to a sayi na sayen, ko da ya fi tsada, don dukiyar ba tasa ba ce. Na ce an gama. Na koma Goronyo na sauke fasasshe na jona.

Kakar farko abin ya yi kyau har ni kaina na yi mamaki. Masu saye daga Ibadan da Onica sunka riƙa oda, motoci suna lodi, manoma suna ganin farashin da ba su saba gani ba. Waɗanda sunka ƙi da farko sunka dawo suna yabon Alhaji. Ni kuma sunana ya tashi. Har garin Maikujera anka kira ni in yi wa wata ƙungiyar manoman gero irin wannan.

A kaka ta biyu ne abin ya fashe. Wani babban mai saye ya kira ya ce ya tura kuɗi, ina kayansa? Anka duba asusun ƙungiya, babu. Ya turo shaidar banki, anka ga lallai ya biya, amma a wata lamba daban da ba wanda ya sani. Ya rantse lambar da ya gani a shafin ke nan. Kafin a gama da shi, wasu sun kira da irin wannan magana. Wasu ma an riga an yi musu lodi bisa amana, mota ta kama hanya, manoma suna jiran kuɗinsu.

Da anka kira ni, na buɗe shafin ni kaɗai a shagona kafin in tafi. Ban daɗe ba na gani. A cikin fasasshen fulogin ɗin nan mai nuna wurin biya, akwai wata ƙofar baya da wanda ya fasa shi ya bari. Duk sanda ya ga dama zai shigo ya sauya lambar asusu, in ya gama ya mayar. Ya bar mu kaka guda muna tara masa masu saye. Na san mafita ɗaya ce: a rufe shafin nan take, in je in gaya wa Alhaji cewa kuɗin lasisin da ya ba ni ban sayi komi da su ba. Na zauna ina kallon allon, na ga babur ɗina a ƙofar shago, na tuna sauran mutanen da na yi wa irin wannan, waɗanda duk za su taso in maganar ta fita. Sai na mayar da lambar gaskiya, na goge abin da zan iya gogewa, na hau babur na tafi Wurno na ce musu shafi lafiyarsa lau, ga lambar ƙungiya nan kowa ya gani.

Ku karanta wannan da kyau, don shi ne babban laifina, ba fasasshiyar manhaja ba. Da na ce shafi lafiya lau, sai idon kowa ya koma kan mutum ɗaya. Alhaji Garba ne ke magana da masu saye a waya, shi ke sa hannu a banki. Anka fara raɗe-raɗin cewa shi ne ke ba su wata lamba a ɓoye. Anka kira taro a filin makarantar firamare da hantsi. Ina nan zaune a benci a bayan Alhaji. Wani manomi da albasarsa ta tafi Kudu babu ko sisi ya miƙe, ya nuna shi da yatsa ya ce masa ɓarawo, a gaban 'ya'yansa da surukansa. Dattijon bai ɗaga murya ba. Ya ce Allah ya sani bai ci ba, amma tunda shi ya kawo shawarar, zai sayar da gonarsa ta fadama a rage wa mutane asara. Ya juyo ya dube ni ya ce, "Ɗana, ka ƙara dubawa, ko akwai abin da ya ɓace maka." Na ce na duba sosai, Baba Alhaji, babu komi.

Ya sayar da gonar. Anka sauke shi daga shugabanci. Bayan 'yan makonni hawan jini ya kayar da shi, ɓarin jikinsa na dama ya mutu. Na je dubiya asibiti da lemo a leda.

Ƙofar bayan nan kuwa ba ta rufu ba, don ni ban iya rufe ta ba, kuma ban isa in nemi gyara daga kamfanin da ban biya ba. Lambar ta sake sauyawa alhali Alhaji yana kwance ba ya ko iya riƙe waya. A nan ne mutane sunka fara tunani. Sabon shugaban ya ɗauko wata ƙwararriya daga Sakkwato, Malama Hauwa'u, anka ce in zo in ba ta haɗin kai. Munka zauna a ofishin ƙungiya, dattawa sun cika ɗakin. Ta yi ta dube-dubenta. Can sai ta ce ta ga kayan nan bai taɓa karɓar gyara ba tun ranar da anka sa shi, ina mabuɗin? Na karanta mata lambar da na ƙirƙira. Ta sa, ta ƙi. Na ce wataƙila matsalar sabis ce. Ta juyo da laftof ɗinta gabana cikin ladabi.

Ta ce, "Ba komi, Injiniya. Shiga asusunka na kamfanin inda ka saya, mu ga rasit ɗin tare."

Na ɗora yatsuna a kan madannai. Babu asusun da zan shiga. Na daɗe a haka, sannan na janye hannuna. Ba wanda ya zage ni a lokacin. Wani tsoho ne kawai ya ce a hankali, "Ashe kai ne," ya tashi ya fita.

'Yan sanda sunka tafi da ni a ranar. Da labari ya bazu, mai makarantar Rabah, wanda shi ma na ci kuɗin sabuntawarsa, da mai magani da sauran duk sunka zo da ƙorafinsu. An daɗe ana bincike a kan ko ni ne mai sauya lambar asusun, daga baya anka gano kuɗin sun bi ta wasu asusai a nesa, ba ni da alaƙa da su, kuma har yau ba a kama masu su ba. Wannan zan faɗa da ƙarfi ko wa zai ji haushi: kuɗin albasa ban taɓa ba. Har gobe akwai masu cewa na binne su a wani wuri ina jiran a manta. Ƙarya ne. Laifina ya ishe ni nauyi, ba zan ɗauki na wani in ƙara ba don a ji daɗin labari.

A kotu ma ban sauko ba. Na sa lauyana ya yi ta bayani a kan buɗaɗɗen lasisi, cewa doka ba ta hana kwafar waɗannan kaya ba. Ina jin kaina mai ilimi a cikin jahilai. Alƙali ya bari ya gama, sannan ya dube ni ya ce kotu ba ta tambayi ko an yarda a kwafa ba. Ya ce tambaya biyu ce: na karɓi kuɗi da sunan zan sayi lasisi? Na ce e. Na saya? Ban saya ba. Anka same ni da laifin zamba da cin amana, anka kai ni gidan yari a Sakkwato.

Watannin farko da girman kaina na yi su. Ina kwana cikin masu satar shanu da masu fasa shago, ina gaya wa kaina ni ba irinsu ba ne, tsautsayi ne ya faɗa mini. Na ɗora laifin a kan Bala, a kan wanda ya fasa manhajar, a kan kamfanonin da ke sa farashi da dala kamar ba su san akwai Goronyo a duniya ba. Inna tana zuwa tana kuka. Baba bai zo ba sai da damina ta wuce.

Ranar da ya zo, bai yi faɗa ba. Ya zauna a benci da hularsa a gwiwa, ya tambayi lafiyata, sannan ya ce mutane suna ta gaya masa maganganu iri-iri, shi bai gane ba, yana so ya ji daga bakina.

Ya ce, "Wanga lasisi, mi ne ne shi? Hwaɗa mani da Hausa."

Na fara bayani kamar yadda na saba yi wa kwastoma. Na ce mabuɗi ne da ake saya don in an gano rami a manhaja, masu ita su aiko da abin toshewa. Ya ce to wanda bai saya ba fa? Na ce raminsa yana nan a buɗe. Ya ce na fashen da na sa fa, wa ya ba ni? Na ce ban san shi ba. Ya juya hular a hannunsa.

Ya ce, "Kai ka san duk wanga tun ranar da Garba ya ba ka kuɗi?"

Na ce, "Na sani, Baba."

"Da ranar taro?"

Na ce na sani. Ya sa hularsa, ya ce Allah ya shirya, ya tafi. Na yi wa lauyoyi da 'yan sanda bayani da Turanci ban ji komi ba, amma da na faɗa da harshen da anka haife ni da shi, a gaban mutumin da ya haife ni, sai na ji yadda maganar take. Babu tsautsayi a cikinta ko kaɗan. Daga ranar na daina ambaton Bala. Na roƙi Allah gafara, ba irin roƙon da nake yi a da ba na a fitar da ni, a'a, na wanda ya san abin da ya yi.

Da wa'adina ya cika anka sake ni, ban kwana biyu a gida ba na tafi Wurno. Na sami Alhaji Garba a zaure a kan tabarma, an jingina shi da matashi. Bakinsa ya karkace, magana tana fita da ƙyar. Na durƙusa na faɗi duk abin da na yi, har da abin da kotu ba ta tambaya ba, wato cewa na ga ƙofar bayan tun kafin taro.

Ya ce, "Kuɗi ba komi ba ne. Gona ma ba komi ba ce. Amma kana zaune bayana anka ce mani ɓarawo." Ya huta, ya share bakinsa da hannun hagu. "Na yahe maka don Allah, don ina son shi yahe mani. Amma kada ka koma zuwa gidan ga."

Na ce na gode, Baba Alhaji. Ban sake komawa ba, kuma ban ga laifinsa ba.

To daga nan ne masu ba da shawara sunka yi yawa. Kawuna ya ce in tafi Abuja ko Kano inda ba a san ni ba, in fara sabuwar rayuwa. Na ce ba inda za ni. A nan na yi ɓarna, a nan za a gan ni kullum. In na tafi inda ba a san ni ba, ai na koma yadda na fara ke nan, mutumin da ake yarda da shi don ba a duba ba. Wasu sunka ce in jefar da kwamfuta in bi Baba su, wato kamun kifi. Ba na raina su, da shi anka ciyar da ni, amma ba shi na koya ba. Har wani malami mai mutunci ya aiko a kira ni, ya ce za a tara matasa, yana so in tsaya in gaya musu kwamfuta da intanet hanyar halaka ce, ga ni nan shaida. Na ba shi haƙuri na ce wannan ba zan faɗa ba, don ba gaskiya ba ne, kuma na gaji da faɗin abin da ba gaskiya ba don mutane su ji daɗi. Kwamfuta ba ta karɓi kuɗin Alhaji Garba ba. Shafin nan, kakar da ya yi aiki, ya amfani manoma fiye da duk wani dillali. In anka ce yaran Goronyo da Wurno da Rabah su guje wa wannan ilimi saboda ni, to an ƙara mini wani laifi a kan wanda na yi.

Na sake buɗe shagon. Babur ya tafi wajen biyan mutane, da ƙafa nake zuwa. Makarantar Rabah ba ta dawo ba, mai magani in ya gan ni sai ya kau da kai. Wanda duk ya shigo neman shafi, kafin ya zauna nake gaya masa na yi gidan yari, ga kuma dalili. Wasu su juya, wasu su zauna. Ba na karɓar kuɗin lasisi a hannuna ko da mutum ya roƙe ni. Shi zai saya da sunansa, da imel ɗinsa, mabuɗin nasa ne, ni sawa kawai zan yi. Wanda ba shi da hali sai in yi masa da kayan kyauta na gaskiya, daga wurin masu su, in gaya masa abin da za su iya da abin da ba za su iya ba. Bala yana nan yana sana'arsa yadda ya saba. Mun haɗu a kasuwar Rimawa ya ce mini har yanzu bai ga Baturen da ya yi kuka don an fasa manhajarsa ba. Na ce ni ma ban gani ba, wanda na gani a Wurno yake, ba ya iya ɗaga hannunsa na dama.

Ku ƙannena masu koyon wannan aiki, ban rubuta wannan don ku tausaya mini ba, ba na buƙata. Ku koyi sana'ar, ku fi ni iyawa. Amma ku karanta sharuɗɗan duk kayan da za ku sa a shafin mutum, ku san na shafi nawa ne, na tsawon wane lokaci, da abin da zai faru in ya ƙare. Kada ku sauke komi daga hannun wanda ba ku san dalilin kyautarsa ba. In lasisi ya fi ƙarfin kwastoma, ku gaya masa ya fi ƙarfinsa, ba abin kunya ba ne. In kun karɓi kuɗin abu, ku sayi abin.

In kuma har kun riga kun yi irin tawa, akwai wani shafi yanzu haka da kunka jona wa fasasshen kaya, mai shi yana can yana barci da sakin jiki don ya yarda da ku, to kada ku jira sai an kama. Ku tashi ku je ku same shi yau. Zai zage ku, wataƙila ya karɓe aikin, wataƙila ya ba da labarinku a gari. Ku tsaya ku sha zagin. Ni na guje masa, wani dattijo ya sha a madadina.